Bindigar da Na Tono a Cikin Bango

Abubuwa da yawa sun shige mini a rayuwa, har sunayen ɗalibaina nakan manta, amma ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya a ƙofar gidanmu a Batsari, riƙe da gatari, a gaban mutanen unguwa kaf, ina shirin tona asirin wani bawan Allah da bai yi mini komai ba. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai ina cikin aji, sai in juya in fuskanci allo kamar mai gyara rubutu, don kada yara su ga fuskata.

Ni malamin firamare ne, da yamma kuma ina koyarwa a Islamiyyar unguwarmu. Asalinmu wani ƙauye ne kusa da Runka, ta wajen Safana. Da zaman can ya gagara, na ɗauko mahaifiyata, wadda muke kira Inna, muka dawo Batsari muka tare a wani ɗan gida mai rufin kwano. Yayata Rabi tana aure a Safana. Mu biyu ne kaɗai muka rage wa Inna, ni ne ƙarami, kuma har yanzu da furfura ta fara leƙo mini Yaya Rabi ba ta kirana da wani suna sai Auta.

Duk wanda ya zauna a yankinmu a 'yan shekarun nan ya san yadda zukatan mutane suka koma. Baƙon babur ya wuce, a bi shi da ido. Mutum ya sayi burodi da yawa, a tambayi wa zai kai wa. Ana cewa 'yan bindigar daji ba sa shiga gari sai da ɗan gari, kuma kalmar "infoma" idan ta hau kan mutum, wani lokaci ba ya samun damar wanke kansa. A cikin wannan hali ne aka kafa kwamitin tsaro a unguwarmu, Mai Unguwa ya shugabance shi, aka ba ni sakatare. (Dalili ɗaya ne ya sa aka ba ni: rubutuna yana karantuwa. Ni kuwa na ɗauka an hango wani kaifin basira ne a tare da ni.) Na sayi sabon littafi mai baƙin bango, na fara tafiya a hankali ina duban mutane ta gefen ido.

To, ana cikin haka sai wani mutum ya kama hayar tsohon siton gyaɗa da ke bayan makarantarmu. Sunansa Sambo, ana ce masa Injiniya. Dogo ne siriri, ba ya da yawan magana, an ce ya daɗe a kudu yana aiki a wani kamfanin da ke haɗa ɗakunan sanyi na ajiye kifi. Bafulatani ne, danginsa makiyaya ne ta wajen Babban Duhu, can bakin daji. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: wannan na ƙarshe shi ne abin da na fara rubutawa a littafina, na kuma ja masa layi biyu a ƙasa.

Da aka tambaye shi abin da zai yi a siton, sai ya ce bango zai riƙa ƙerawa.

Bango! Ni dai na san ana gina bango, da ƙasa ko da bulo. Ban taɓa jin an ƙera shi a wani wuri an ɗauko shi an kai wani wuri ba. Na sa ido. Mako guda, mako biyu, ban ga tifar yashi ba, ban ga buhun siminti ko ɗaya ba, ban ga mai ruwa ya shiga da kura ba. Abin da na gani shi ne bandir-bandir na kwano, da wasu durarruka guda biyu-biyu, ɗaya ja ɗaya shuɗi, waɗanda ake saukewa a hankali kamar ana sauke ƙwai. Ma'aikatansa su uku, duk lokacin da suka fito shan iska, da takunkumi a fuska da safar roba a hannu. Janareto yana ta ruri, wani abu yana huci a ciki, wani wari kuma yana tasowa mai kama maƙogwaro. Bayan kwana biyu ko uku sai a-kori-kura ta fito a lulluɓe da tampol, ta ɗauki hanyar Safana. Na bincika, aka ce har gaba da Safana take zuwa, ta wajen Babban Duhu.

Na rubuta duka. Wani lokaci ina tsakiyar koyar da lissafi zan ji ƙarar ƙofar siton, sai in ce wa yara su maimaita jadawalin bakwai, in leƙa ta taga. A zangon nan babu ɗan ajina da bai haddace jadawalin bakwai ba.

Wata ranar Asabar na ce bari in je in gani da idona. Na sa babbar riga, na ɗauki carbi, na shiga da sallama kamar mai zuwa sada zumunci. Injiniya ya taso ya karɓe ni da hannu biyu, muka gaisa, ya tambayi iyali da makaranta da zafin gari, ya sa aka kawo mini ruwa. Ban sha ba. Na riƙe kofin kawai.

Ya kai ni inda aka jingina waɗanda aka gama. Falle-falle ne, kowanne ya fi ni tsawo, kaurinsa kamar faɗin tafin hannu, kwano ta gaba kwano ta baya, an rufe gefunansa.

"Malam, ɗaga wannan ka ji," in ji shi.

Na ɗaga gefe guda. Wallahi buhun gero ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba.

"Mene ne a ciki?" na tambaya, ina wasa da carbi.

"Soso ne. Wani irin soso mai tauri. Shi ke hana zafi shiga. Ka ga wannan gefen yana da harshe, wancan yana da rami, sai a cusa wannan cikin wancan a ɗaure da kusoshi. A yini ɗaya an tayar da ɗaki. Idan kuma zama ya gagara, sai a kwance shi a ɗora a mota a tafi da shi."

Na ƙwanƙwasa da ɗan yatsa. Ya yi wata ƙara, ƙwal-ƙwal, irin ta abin da ba a cike yake ba. Zuciyata ta ce: ka ji ko? Bangon da ake kwancewa a gudu da shi, wa ke bukatarsa in ba mutanen daji ba? (Ni da na gudo daga ƙauyenmu na bar ɗakuna huɗu ruwa yana cin su, ban ga cewa irina ne ke bukatarsa ba.)

Sai na nufi wata ƙofa ta ciki, inda hucin yake fitowa. Ya yi sauri ya sha gabana.

"Yi haƙuri, Malam, nan ba a shiga sai da takunkumi. Yanzu ake zuba sinadarin, yana da illa ga ƙirji. Ka dawo jibi da safe, zan nemo maka naka in nuna maka komai."

Na yi murmushi irin na wanda ya gano komai, na ce babu damuwa. Da na fito na samu inuwa na rubuta: "Ya hana ni shiga. Ya ce jibi, don ya samu lokacin kwashe kaya." Jibin kuma ban koma ba. Ina dalili, ai na riga na gama bincike.

Abin da ya tayar mini da hankali gaba ɗaya ya faru ne bayan kwana uku. Na taso daga makaranta, mai shayin bakin titinmu ya yafito ni.

"Malam, ashe kun saba da Injiniya? Ɗazu na ga ya fito daga gidanku da tef ɗin awo, yana rubutu a takarda."

Ban tsaya ba shi amsa ba. Na shiga gida da sauri. Lokacin bazara ne, zafin da ake yi a shekarar ba a magana. Na tarar da Inna a inda take yini kullum, a ƙarƙashin 'yar bishiyar darbejiyar tsakar gida, ta jiƙa zane ta yafa, saboda ɗakinta da rana ba ya shiguwa. Tana da hawan jini, ga tsufa, rufin kwanon nan kuwa dafa mutum yake yi.

"Inna, wa ya shigo gidan nan yau?"

"Mi ya hwaru?" ta ce, ba ta ko dube ni ba.

"An ce wani mutum ya shigo yana aune-aune."

"Baƙo ne, ya gaishe ni. Yaro mai ladabi. Kai dai tahi ka ci abincinka."

Na juya wajen matata. Ta ce ita tana madafa, ba ta ga komai ba, ta kuma shige ɗaki da sauri tana toshe baki da gefen mayafi. Na ɗauka kuka take ɓoyewa. Na zagaya tsakar gida, sai ga alamun alli a ƙasa kusa da ɗakin Inna, an ja layi huɗu, an yi wata 'yar kibiya tana nuna yamma. Yamma! Wajen daji ke nan.

Na kira Yaya Rabi a waya, murya ƙasa-ƙasa, na zayyana mata komai. Da na gama ta ce, "Auta, don Allah ka kama bakinka. Kada ka gaya wa kowa. Ka bari sai na zo."

Na kashe waya na ce shi ke nan, ita ma sun tsorata ta.

Na tafi wajen Mai Unguwa, dattijo ne mai sanyin hali wanda ba ya gaggawa ko a cin tuwo. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe littafi na karanta masa shafi shida. Ya saurara har ƙarshe.

"Sakatare," ya ce, "duk abin da ka karanta, ban ji inda ka ce ka ga makami ba."

"Ranka ya daɗe, a cikin bangon suke zubawa. Shi ya sa yake ƙara kamar ganga."

"To. Ka bar maganar a nan. Ranar Juma'a zan kira shi mu zauna mu uku, mu tambaye shi cikin mutunci. Kafin nan kada ta fita. Ka san garin nan."

Na ce to. Kuma Allah ya sani ban yi niyyar faɗa wa kowa ba. Mai shayi kawai na ɗan tsegunta wa, shi ma don ya taya ni sa ido. Sai wani malami abokin aikina, saboda tagar ajinsa ta fi tawa kallon siton. Sai limamin masallacinmu, don ya sa mu a addu'a. Kafin kwana biyu, wani mai facin taya ya ja ni gefe yana ba ni labarin cewa an ga bindigogi arba'in a siton gyaɗa. Maimakon in gane cewa maganata ce ta zagayo ta dawo mini da ƙari, sai na ji daɗi na ce ga shaida ta biyu.

Ranar Alhamis da hantsi, ina aji, na ji ƙofar siton ta buɗe. Na leƙa. A-kori-kura ta fito a lulluɓe kamar kullum, Injiniya yana zaune a gaba. Amma maimakon ta ɗauki hanyar Safana, sai ta karya kwana ta shiga layinmu.

Ban san lokacin da na bar aji ba. Na bi ta da gudu, takalmina ɗaya ya fice ban tsaya ba. Ina shan kwana na hango ta tsaye daidai ƙofar gidanmu, ana kwance igiyar tampol. Sai na buɗe murya iya ƙarfina:

"Jama'a! Ga su nan! Ku taimaka, sun zo gidanmu!"

Ai kuwa garin da ya riga ya jiƙu da jita-jita ba ya bukatar kira na biyu. Kafin ka ce me, layin ya cika: matasa da gorori, 'yan sa-kai biyu da bindigoginsu na gargajiya, mata suna leƙe ta katanga. Aka fizgo Injiniya daga mota. Na ga hularsa ta faɗi, na ga wani ya kai masa naushi a baki, na ji ana cewa a kawo taya. A daidai nan, in faɗa maka gaskiya, na gane abin ya fi ƙarfina. Ni tona asiri na shirya, da jawabi, da jinjina. Ban shirya ganin an kashe mutum a ƙofar gidanmu ba. Amma bakina ya ƙi buɗewa in ce a bari.

Allah ya kawo Mai Unguwa. Ban taɓa ganin tsohon nan yana sauri ba sai ranar. Ya ratsa mutane da sandarsa, ya tsaya a gaban Injiniya ya buɗe hannuwa.

"Duk wanda zai taɓa shi ya fara da ni," in ji shi. Aka ɗan lafa. Ya juyo ya dube ni. "Sakatare, ashe Juma'a ta yi maka nisa. To, ga jama'a ka tara. Faɗi abin da ka sani."

Ganin an daina dukan, sai ƙarfin halina ya dawo. Na ciro littafi daga aljihu, na gyara murya. Tsaye nake da takalmi ƙafa ɗaya, amma na karanta kamar mai gabatar da ƙara a kotu: durarruka, takunkumi, ɗakin da ba a shiga, hanyar Babban Duhu, alli a tsakar gidanmu, kibiya mai nuna yamma. Mutane suna ta "Allahu Akbar," "ka ji fa."

Injiniya ya share jinin leɓensa da bayan hannu. Bai ɗaga murya ba.

"Baba," ya ce wa Mai Unguwa, "ga kayan nan a mota. Malam ya zaɓi duk wanda ya ga dama, ya fasa."

Aka sauke fallayen aka jera a jikin katanga. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa, ina kara kunne kamar mai zaɓen kankana. Na zo kan wani da aka yanke masa gurbin taga, na ƙwanƙwasa ta ƙasa, na ji sautin ya bambanta. Na ce, "Wannan!" Wani ya miƙo mini gatari.

Kai, kwanon nan da ka gan shi siriri, ba ƙaramin taurin kai gare shi ba. Sara na farko gatarin ya zame, saura kaɗan in sare ƙafata marar takalmi. Na yi ta sara, gumi yana shiga mini ido, har na buɗe rami. Sai ga wani abu ruwan ƙwai-ƙwai, kamar cikin burodi. Na ɓantaro shi. Soso. Na ƙara ɓantarowa. Soso. Wani daga baya ya yi 'yar dariya. Na naɗe hannun riga na cusa hannu har gwiwar hannu ina yaƙushi, kwanon yana yanka ni ban damu ba. Sai yatsuna suka taɓa wani abu mai tauri, dogo, zagayayye, da rami a bakinsa.

Jama'a, farin cikin da na ji a lokacin, ko ranar da aka ba ni takardar ɗaukar aiki ban ji irinsa ba. Na juyo na daka tsawa:

"Ga ta nan! Ga bakin bindiga!"

Mutane suka ja da baya, mata suka yi salati. Na dafe bango da ƙafa na ja da dukkan ƙarfina. Abin ya fizgo, na tafi da baya na zauna daɓas a cikin kwatar ƙofar gida, riƙe da wani farin bututun roba, ina ɗaga shi sama kamar tuta.

Kowa ya zuba wa bututun ido.

"Na wayar lantarki ne," in ji Injiniya. "A ciki muke binne shi, don a sa fanka."

Wani ɗan sa-kai ne ya fara fashewa da dariya, har ya jingina bindigarsa ya riƙe ciki. Daga nan layin gaba ɗaya ya ɗauka. Ina zaune a kwata ina tunanin ko akwai abin da ya fi wannan muni, sai ga babur ya tsaya, Yaya Rabi ta sauko. Daga Safana take, ta yi ado, da kwanon waina a hannu, ta zo ganin abin farin ciki. Ta dubi taron, ta dubi leɓen Injiniya, ta dubi bangon da na yi wa kaca-kaca, sannan ta dube ni.

"Auta," ta ce, "ɗakin Inna ka fasa?"

Na sauke bututun a hankali.

"Ni na kawo shi ya auna. Ni na shigo da shi gidan da kaina, kana makaranta. Shekara uku kana cewa za ka sa wa Inna silin, kullum sai an yi albashi, tsohuwa tana yini a gindin bishiya da jiƙaƙƙen zane. Na ce kada a gaya maka don na san halinka, za ka ce an raina ka, ka hana. Na ce ka kama bakinka sai na zo. Kwana biyu kacal, Auta!"

A gaban ɗalibaina, don su ma sun biyo ni daga aji. A gaban iyayensu. Kibiyar yamma kuwa, ashe gefen da rana ta fi duka ne, inda aka ce a sa falle mafi kauri. Shi ne na zaɓa na fasa.

Sai ga muryar Inna daga zaure: "Ku tashe shi daga kwatar nan, ya shigo ya wanke jiki. Tun yana yaro haka yake, in ya ga ƙulli sai ya kwance."

Duk wannan dariya ce, ana iya haɗiye ta. Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne lokacin da mutane suka fara watsewa, Injiniya ya sunkuya ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe, ya matso kusa da ni yadda ni kaɗai zan ji.

"Malam, bango an fasa an ga cikinsa. Da Baba ya ƙara jinkiri kaɗan, ni yaya za a yi a ga cikina?"

Daga baya Mai Unguwa ya gaya mini abin da da na tambaya tun farko da na sani. Kayan da ake kai wa wajen Babban Duhu, ajujuwa biyu ne da ɗakin ajiye magani ake mayar wa wani ƙauye da aka ƙona. Shi kansa Injiniya, an kore wa mahaifinsa shanu kaf, kuma ƙanensa ya yi wata biyu a hannun mutanen da na ce yana yi wa aiki.

Hukuncin Mai Unguwa kashi biyu ne. Na farko, bayan sallar Juma'a in miƙe a masallacin unguwa in faɗi da bakina cewa ƙarya na yi wa mutum, in nemi gafararsa. Na yi, kuma Injiniya ya ce ya yafe tun kafin in kai ƙarshe, abin da ya ƙara mini nauyi. Na biyu, fallen da na fasa, da hannuna za a ƙera madadinsa.

Haka na shiga ɗakin nan da ba a shiga, da takunkumi a fuska. Babu komai a ciki sai wani dogon teburin ƙarfe mai murfi. Aka sa ni na goge fallen kwano tas, muka shimfiɗa shi a kan teburin, muka kafa katakai a gefuna huɗu, muka kwantar da bututun waya a wurinsa, muka ɗora kwano na biyu a sama, aka sauke murfin aka ɗaure tam. Sannan aka jawo tiyo daga jan duro da shuɗin duro, ruwan biyu suka haɗu a baki ɗaya, aka tsiyaya ta wata 'yar kafa. Injiniya ya zuba kaɗan a kofi don in gani. Ruwa ne kamar man gyaɗa, ya fara kumfa, ya yi ta tashi kamar ƙullun waina da ya sha yis, ya cika kofin ya tumbatso, kafin a jima ya daskare. Hucin da na yi wata guda ina rubutawa ke nan. Don zumuɗi na janye takunkumi na sunkuya in duba da kyau, kumfar ta lashi gemuna. Ba ta fita da ruwa, ba ta fita da sabulu. Sai almakashi. Na yi mako uku da gemu gefe guda, yara suna ce mini Malam Soso a bayan ido, wasu ma a gaban ido.

Ranar da aka kafa ɗakin, tun safe aka fara, kafin la'asar an sa ƙofa. Washegari da azahar, rana tana tsakiya, na leƙa na tarar Inna tana barci a kan gadonta, har da lulluɓa. Na daɗe tsaye a bakin ƙofar. Sanyin ɗakin yana dukan fuskata, kunya kuma tana dukan sauran jikina.

Na ajiye muƙamin sakatare, babu kuma wanda ya roƙe ni in zauna. Tsoron da muke ciki gaskiya ne, har gobe ina waiwaye idan na ji baƙon babur. Amma na koyi wata jimla da a da nake ganin ba ta dace da malami ba: "Ban gane ba, yi mini bayani." Gajeriya ce, ba ta bukatar gatari, ba ta tara jama'a, kuma tun da na fara amfani da ita ban sake zama a cikin kwata ba.